Baƙin Mai, Filtoci da Tsawon Ran Ƙaramar Tarakta

Ƙaramar tarakta, a ma'anar da masu ƙera ta da masu sayar da ita suke nufi, ita ce wadda ƙarfin injinta yake tsakanin ƙarfin doki 20 zuwa wajen 60, mai amfani da man dizal, mai silinda uku ko huɗu, wadda galibi tayoyinta huɗu duka suke ja. Asalin bunƙasarta daga ƙasar Japan ne, inda gonakin shinkafa suke ƙanana kuma cike da taɓo, ta yadda manyan taraktocin Amurka da Ingila ba sa iya juyawa a cikinsu. Kamfanin Yanmar ya fitar da ƙaramin injin dizal tun a shekarar 1933, kamfanin Kubota kuwa, wanda aka kafa a birnin Osaka a 1890 a matsayin maƙerar narka ƙarfe, ya ƙera taraktarsa ta farko a 1960, ya kuma shigar da ita kasuwar Amurka a 1969. Daga baya kamfanonin Indiya irin su Mahindra da Sonalika, da na Koriya ta Kudu mai ƙera Kioti, suka bi sahu. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar an fi sanin manyan taraktocin Massey Ferguson, amma ƙananan suna ƙara shigowa, sababbi da waɗanda aka yi amfani da su, musamman a wajen masu noman rani a fadamu da masu lambuna. Ƙa'idar kula da mai da filtocin duka biyun ɗaya ce, sai dai ƙaramin inji, saboda ƙarancin man da yake ɗauka da saurin juyawarsa, ya fi babba saurin nuna sakamakon sakaci.

Mafi yawan masu tarakta ba su da jayayya a kan muhimmancin juye, wato zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo, har ma akan ɗauka cewa duk wanda yake yin juye a kai a kai ya gama sauke haƙƙin injinsa. Gaskiyar lamarin ita ce juye shi ne ɓangaren da aka fi kiyayewa, kuma ba kasafai rashinsa yake zama sanadin mutuwar inji ba. Abin da ya fi kashe injin dizal a ƙasa mai ƙura shi ne dattin da yake shiga ta hanyar iska, da ruwa da tsatsar da suke shiga ta hanyar man dizal, da gurɓacewar man haidirolik, kuma kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da filtarta wadda direba yakan manta da ita har sai tarakta ta tsaya a tsakiyar gona.

Kafin a kai ga nan, ya kamata a fahimci aikin da baƙin mai yake yi. A cikin inji akwai ƙarafa da suke gogayya da juna sau dubbai a cikin minti ɗaya: fistin yana hawa yana sauka a cikin silinda, karanshaf, wato sandar da take mayar da wannan hawa da sauka zuwa juyi, tana juyawa a kan ƙananan faifan ƙarfe da makanikai suke kira metal. Famfon mai yana tura mai da ƙarfi zuwa tsakanin waɗannan ƙarafa, ya samar da wani siririn shimfiɗi wanda bai kai kaurin gashin kai ba, kuma a kan wannan shimfiɗi ne ƙarfe yake zamewa ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba. Ban da wannan, mai yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin inda ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda don kada ƙarfin fashewar dizal ya zurare, yana kuma ɗauke da sinadarai da suke riƙe kunkunniya, wato baƙin hayaƙin da ƙonewar dizal yake bari, su hana ta dunƙulewa ta toshe hanyoyin mai. Wannan aiki na ƙarshe shi ya sa man injin dizal yake yin baƙi bayan 'yan sa'o'i kaɗan da zuba shi. Saboda haka baƙin launi ba shaida ba ne cewa mai ya mutu, kamar yadda murza shi tsakanin yatsu biyu a ji yana da danƙo ba shaida ba ne cewa yana da sauran rai, domin abin da yake ƙarewa a cikinsa sinadarai ne da ido ba ya gani.

Tun da ido da yatsa ba za su iya yanke hukunci ba, abin dogaro shi ne agogon sa'o'i da ke jikin tarakta. Ana auna aikin mota da kilomita, amma tarakta tana iya wuni tana jan injin casar shinkafa ko famfon ban ruwa ba ta motsa daga wuri ɗaya ba, don haka da sa'o'in aikin inji ake lissafinta. Motar da take gudun kilomita 50 a sa'a za ta ci kilomita 10,000 a cikin sa'o'i 200, alhali kuwa injin tarakta mai jan garma yana ɗauke da nauyi kusan kowane lokaci, ba ya samun sararawar da injin mota yake samu a gangare ko a miƙaƙƙen titi. Littattafan yawancin ƙananan taraktoci, ciki har da na Kubota, sun yi umarni da a yi juyen farko tare da sauya filta bayan sa'o'i 50 na farko, saboda sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe yayin da sassansa suke zama da juna, kuma wannan doka ta shafi injin da aka sake wa ringi da metal. Bayan haka tazarar takan kasance sa'o'i 100 a tsofaffin samfura, 200 ko 250 a da yawa daga cikin na yanzu, wasu sababbi ma har 400. Idan shekara ta zagayo ba a cika sa'o'in ba, to a yi juye duk da haka. Akwai wani abin lura a nan: agogon wasu tsofaffin taraktoci juyin inji yake ƙirgawa ba lokaci ba, ta yadda idan inji yana tafiya a hankali agogon yakan nuna ƙasa da ainihin lokacin da aka yi, taraktar da agogonta ya lalace kuwa, gyaransa ya kamata ya riga sayen fenti ko sabuwar kujera.

Waɗannan alƙaluma an tsara su ne bisa zaton cewa man dizal mai tsabta ne, kuma a nan ne batun farar wuta yake shigowa. Ɗanyen mai yana ɗauke da farar wuta, idan matata ba ta cire ta ba sai ta ƙone tare da dizal, hayaƙinta ya haɗu da tururin ruwa a cikin inji ya zama asid mai cin ƙarfe. Masu haɗa baƙin mai suna zuba masa sinadarai masu kashe kaifin asid, ana kuma auna yawansu da wata lamba da ake rubutawa TBN, wadda take raguwa kullum har ta ƙare. A Tarayyar Turai iyakar farar wuta a dizal ɗin mota kashi 10 ne cikin miliyan, amma a watan Satumba na 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta wallafa rahoton da ya nuna cewa wani dizal da ake sayarwa a ƙasashen Afirka ya ninka wannan iyaka fiye da sau 300. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, sai dai manomin da yake sayen dizal a jarka a bakin hanya ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa. Littattafan Kubota sun ce idan farar wutar dizal ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a rage tazarar juye da sauya filta zuwa rabi. Hukuncin da ya dace da wanda bai san asalin mansa ba, kuma yake aiki cikin zafi da ƙura, shi ne ya karkata zuwa gajeriyar tazara, domin injin Kubota L2501, alal misali, bai kai lita shida na mai ba, kuɗin wannan kuwa ba a haɗa shi da kuɗin sauke inji.

Rubutun da ke jikin galan ɗin mai yana ɗauke da bayani iri biyu, kuma dukansu suna da amfani ga mai saye. Na farko shi ne kauri, wanda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara, kamar 15W-40: lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudana idan inji yana da sanyi, ta biyun kuma tana nuna kaurin da yake riƙewa idan ya yi zafi. A ƙasa mai zafi 15W-40 shi ne wanda aka fi amfani da shi a injin dizal, kuma ya fi mai kauri ɗaya irin SAE 40 saurin isa ga metal da asubahin hunturu, lokacin da mafi yawan cin ƙarfe yake faruwa. Na biyu shi ne darajar inganci ta cibiyar man fetur ta Amurka, API, inda harafin S a farko yake nufin injin fetur, harafin C kuma injin dizal. An fitar da CF a 1994, CH-4 a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, sai CK-4 a 2016. Ba daidai ba ne a ɗauka cewa na baya-bayan nan shi ne mafi dacewa da kowace tarakta. An tsara CJ-4 da CK-4 ne domin injunan da suke shan dizal mai ƙarancin farar wuta ƙwarai, masu wata tukunyar tace hayaƙi a salansa da ake kira DPF, wadda tokar mai take toshewa, kuma irin waɗannan injuna ba su yarda da wani mai ba. Tsohon inji marar wannan tukunya, mai shan dizal mai farar wuta, ya fi samun kariya daga mai na dizal mai TBN 10 ko fiye. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne man da ake aunawa a kwalba ba suna ba lamba, domin sau da yawa gundarin mai ne wanda ba a zuba masa sinadari ko ɗaya ba, ko kuma tsohon mai ne da aka tace aka sake sayarwa.

Shi kansa juyen ba aiki ne mai wuya ba, amma yana da wuraren da ake yawan kuskure. Ana tsayar da tarakta a shimfiɗaɗɗen wuri, a sauke garma ko haro ƙasa, a ja birkin hannu, a bar inji ya yi aiki na 'yan mintoci har mai ya yi ɗumi, sannan a kashe a zare makulli. Mai mai ɗumi ya fi gudu, kuma yana fitowa da dattin da zai kwanta a ƙasa idan ya huce. A goge kewayen murfin zuba mai da na filta kafin a buɗe komai, domin ƙasar da ta taru a wurin ita ce ta farkon faɗawa ciki. A wasu taraktocin Kubota masu jan tayoyi huɗu, sandar da take kai juyi zuwa tayoyin gaba ta ratsa ta ƙarƙashin tukunyar mai ta raba ta gida biyu, don haka notin juye biyu ne, wanda ya kwance ɗaya kawai ya bar tsohon mai a ɗaya ɓangaren. Yana da kyau a dubi man da ya fito a cikin hasken rana: ƙyalƙyalin ƙarfe alamar metal ne yake cinyewa, launin madara alamar ruwa ne ya shiga, sau da yawa ta gaskit ɗin kan inji, mai da ya tsinke yana warin dizal kuwa, musamman idan gejinsa yana ƙaruwa maimakon raguwa, alamar nozul ko famfon dizal ne yake zuba.

Filtar mai ta zamani gwangwani ce da ake murɗawa, a cikinta akwai takarda ta musamman da aka nannaɗe, da wasu ƙananan bawuloli biyu, wato ƙofofi masu buɗewa da rufewa da kansu. Ɗaya yana hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji, don kada a tayar da shi a bushe. Ɗayan kuma yana buɗewa idan takardar ta toshe, ya bar mai ya wuce ba tare da tacewa ba, saboda masu ƙira sun ga cewa mai mai datti ya fi rashin mai. Ma'anar wannan ita ce filtar da ta cika ba ta ba da wata alama, inji zai ci gaba da aiki lafiya a kunne, alhali datti yana zagayawa a cikinsa, shi ya sa zuba sabon mai a bar tsohuwar filta ba tattali ba ne. Jabun filta kuma tana iya zuwa da fenti da tambari iri ɗaya da ta gaske, amma da takarda kaɗan ko bawul marar aiki. Wajen ɗaurawa, a tabbatar robar tsohuwar filta ba ta manne a jikin inji ba, domin roba biyu a kan juna suna fashewa su zubar da mai duka cikin ƙanƙanin lokaci. A shafa wa sabuwar robar ɗan mai, a murɗa da hannu har ta taɓa, sannan a ƙara rabin juyi zuwa kashi uku cikin huɗu, ba tare da sifana ba. Bayan an zuba mai a tayar da inji a hankali, a ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a duba ɗiga, a kashe, a jira kamar minti biyar, sannan a auna. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu na geji. Cikawa fiye da kima yana sa karanshaf ya riƙa kaɗa man har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe.

Filtar iska ita ce ta fi cancantar dogon bayani, saboda ita ce tsakanin inji da abin da ya fi yi masa illa. Injin da girmansa ya kai lita 1.6, yana juyi 2,400 a minti, yana shaƙar iska kusan lita 1,900 a kowane minti, wato fiye da lita 100,000 a sa'a ɗaya. A lokacin haro a busasshiyar gona, ko a wajen casa, ko a tsakiyar hunturu lokacin da iska take ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi wanda yake cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, kowace lita ta wannan iska tana ɗauke da ƙwayoyin yashi. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri, idan ta shiga ta gauraya da man da ke bangon silinda sai ta riƙa cin ringi da silinda kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa. Injin da ƙura ta shiga yakan fara shan mai, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, ya yi wuyar tashi da safe, ya rasa ƙarfi, kuma babu wani irin baƙin mai, komai tsadarsa, da zai mayar da ƙarfen da ya tafi.

Yawancin ƙananan taraktoci suna da busasshiyar filta mai hawa biyu: babba ta waje wadda take tare kusan dukan ƙurar, da ƙarama ta ciki wadda aka sa domin tsaro idan ta wajen ta yage. A ƙasan murfin akwai wani ɗan bakin roba da ake matsawa ƙurar da ta taru ta zube, kuma a lokacin ƙura wannan aikin kowace safiya ne. Ta wajen ana tsabtace ta da iska daga ciki zuwa waje, da ƙarfin da bai wuce wajen kilo biyu a kan kowane murabba'in santimita ba, Kubota kuma ya ce a sauya ta bayan tsabtacewa shida ko bayan shekara ɗaya, duk wanda ya riga zuwa. Ta cikin ba a tsabtace ta, ba a ma cire ta sai ranar da za a sauya ta. Al'adar buga filta a jikin taya tana lanƙwasa bakinta ta hana shi zama daram, iska mai ƙarfi ta wajen masu faci tana huda takardar da ramukan da ido ba ya gani, wanke ta da fetur ko dizal kuwa yana lalata ta gaba ɗaya. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a sa tocila a cikinta a wuri mai duhu, duk inda haske ya ɓullo to ta gama aiki. Akwai kuma wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, domin duk buɗewar da aka yi wa gidan filta dama ce ga ƙura, kuma filtar da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa fil tacewa, saboda haka idan tarakta tana da alamar da take yin ja idan iska ta ragu, a bi alamar. Tiyon da ya haɗa filta da inji shi ma abin dubawa ne, tsaga ɗaya ko sako-sakon maɗauri ɗaya ya isa ya sa duk iskar ta bi ta bayan filta, kuma idan aka zura yatsa cikin tiyon aka ga ƙura, to ɓarna ta riga ta fara. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da wata irin filta mai kwanon mai a ƙasa, ita kuma ana zubar da man kwanon a wanke shi a zuba sabo daidai zane da zarar laka ta taru.

Man dizal yana da nasa abokan gaba, ruwa da datti. Famfon dizal da nozul an ƙera su da tazarar da ake aunawa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma dizal ɗin ne da kansa yake zame musu mai, don haka ɗigon ruwa yana kawo tsatsa da karcewa. A sababbin injuna masu sarrafa feshin mai da kwamfuta, inda matsin yake haura kilo 1,500 a kan kowane murabba'in santimita, haɗarin ya fi yawa, gyaran kuma ya fi tsada. Ruwa ya fi dizal nauyi, yana kwantawa a ƙasan kofin gilashi ko roba da ke ƙarƙashin filta, a wasu samfura ma akwai jan zobe da yake tasowa idan ruwa ya taru, dubansa kowace safiya kuwa bai ɗauki minti ɗaya ba. Cika tanki da yamma bayan an tashi aiki yana rage raɓar da take taruwa a bangon tanki da dare. Duro da aka kawo a bar shi ya kwana ya natsa kafin a ɗiba, kada kuma tiyo ya kai ƙasansa. Ana sauya filtar dizal a wajen sa'o'i 400 a samfura da yawa, ko kafin haka idan tarakta ta fara shaƙewa a ƙarƙashin nauyi, bayan sauyawa kuma sai an fitar da iskar da ta shiga layin, domin injin dizal ba ya tashi da iska a famfonsa, matsa wa sitata fiye da daƙiƙa goma a jere kuwa ƙona ta kawai yake yi. Abin da wasu direbobi suke yi na huda toshasshiyar filta ko cire ta don a ƙarasa aikin yini, sayar da famfon dizal ne a kan kuɗin filta.

Mai na uku shi ne wanda ya fi yawa a jikin tarakta, yakan haura lita 20 ko a ƙarama, kuma shi ne aka fi jahilta. Tun daga tsarin ɗaga garma da matsin mai wanda Harry Ferguson ya ƙirƙira, wanda ya bazu da taraktar Ford 9N ta 1939, gidan giya ya zama tankin man haidirolik, ta yadda a yau mai ɗaya ne yake shafa giya, yake ɗaga garma, yake juya sitiyari, a samfura da yawa kuma a cikinsa ne faifan birki suke jiƙe. Irin wannan birki yana buƙatar mai da aka daidaita santsinsa, shi ya sa kamfanoni suke da nasu, kamar UDT na Kubota da Hy-Gard na John Deere, a kasuwa kuma akwai na gama-gari mai alamar UTTO. Zuba man giya mai kauri na lamba 90 ko 140, ko man haidirolik na injin masana'anta, yana jawo kukan birki da nauyin ɗagawa da cinyewar famfo. Ana sauya filtarsa a sa'o'i 50 na farko, man kuma galibi a wajen sa'o'i 400 ko fiye, tare da wanke ragar ƙarfe da ke bakin tsotso idan akwai. Ruwa yana shiga ta yagaggiyar robar sandar giya idan tarakta tana kwana a fili da damina, alamarsa kuma ita ce mai ya koma launin madara. Gadar tayoyin gaba tana da nata man daban, wanda masu aiki cikin taɓon shinkafa ya kamata su riƙa dubawa, kamar yadda ya kamata su riƙa ɗura giris a gaɓoɓi kowace rana maimakon bayan sa'o'i 50 da aka tsara wa busasshiyar gona. Ba a neman ɗigon tiyon haidirolik da hannu, a kara kwali ne, domin siririn feshin mai a ƙarƙashin matsi yana huda fata ya shiga nama, kuma wannan rauni ne na zuwa asibiti nan take ko da ya yi kama da sukar ƙaya.

Duk wannan sani ba ya amfani idan tsarin aikin bai ba shi wuri ba. Taraktar haya takan kasance mai ita yana birni, direba yana ƙauye, ana kuma biyan direban bisa yawan gonar da ya nome, ga manoma sun yi layi saboda ruwan shuka ba ya jira, don haka tsayawar rabin yini domin juye asara ce a idonsa. Kamfanin Hello Tractor, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2014, ya yi ƙoƙarin magance wannan da wata na'ura da ake maƙala wa tarakta tana aika wa mai ita inda take da sa'o'in da ta yi. Wanda ba shi da wannan na'ura, ƙaramin littafi a akwatin sifana, da rubuta kwanan wata da adadin sa'o'i a jikin kowace sabuwar filta, sun wadatar. Babban gyara ya fi dacewa a yi shi kafin faɗuwar damina, a kuma tanadi filtoci na biyu tun lokacin, juyen ƙarshen shekara kuwa a yi shi kafin a ajiye tarakta, don kada mai mai asid ya yi watanni kwance a kan metal. Tsohon mai a tara shi a jarka mai murfi a kai wa masu saye, ba a zubar da shi kusa da rijiya ko magudanar fadama ba, ba a kuma shafa shi a gyambon dabba ko ƙazuwarta, saboda yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da aka tabbatar suna jawo dajin fata idan ana yawan cuɗanya da su.

Gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin manoma da suke sayo taraktoci su raba, ya kamata su sanya a cikin sharaɗin ciniki cewa kowace tarakta ta zo da filtocin shekara biyu, da dila na kusa da zai ci gaba da kawo su, da kuma jadawalin sa'o'in gyara da aka rubuta da Hausa aka liƙa a inda direba zai gan shi daga kan kujera.